Hoton da Gwaggo Losaline Ta Zaɓa

Babu wanda ya koya wa Sinaite zanen hoto. A makarantarsu ta tsibirin Lifuka ana koyar da lissafi da karatu da waƙa, amma ban da zane. Ita ta koya wa kanta.

Bayan babbar guguwar da ta rushe gidaje, falankai sun cika gari. Sinaite ta riƙa tsinto su. Ta roƙi babanta ragowar fentin kwalekwalensa, shuɗi da fari da ja. Buroshi kuwa, ɓawon kwakwa ta daddaka da dutse har ya yi laushi.

Hotunanta na farko ba su yi kyau ba. Yayanta Fineasi ya kalli wani, ya tambaye ta ko alade ne. Ta ce doki ne.

"To, a gasa mana dokin nan naki ranar Lahadi," in ji shi.

Ba ta yi dariya ba. Ta juya falankin, ta sake zanawa a bayansa. Haka halinta yake. In aka ce ba za ta iya abu ba, ranar take fara shi.

A ƙarshen layinsu akwai wata tsohuwa, Iya Sisilia. Ba ta da ɗa, ba ta da jika. Guguwa ta kwashe rufin ɗakinta. Tamfol aka ɗaura mata, shi ma ya fara yagewa, ga damina ta kusa.

Sinaite ta gaya wa malaminsu, Malam Taniela, abin da ta ƙudura. Za ta sayar da hotunanta a kasuwar Asabar, lokacin da 'yan'uwa mazauna ƙasashen waje suke zuwa hutun Kirsimeti. Abin da aka samu, a sayi kwanon rufi.

Malam ya yaba. Ya tambaya ko ta gaya wa mutanen gidansu.

"A'a, Malam. Dariya za su yi mini. Sai dai su ga kwano kawai."

Malam ya ce gara ta faɗa musu. Ta ji, amma ba ta ɗauka ba.

Hoton da ta fi ji da shi a jikin wata tsohuwar ƙofa ta zana shi. Wani gida ne a bakin teku, mai shuɗiyar taga da bishiyar mangwaro a gefe. Ita ba ta taɓa ganin gidan ba. Duwatsun tushensa kawai suka rage cikin ruwa. Sauran daga labarin babanta ta ɗauko. Da Fineasi ya gani, bai yi mata tsiyar da ya saba ba. Nan ta san hoton ya yi.

Wata ranar Laraba sai ga Gwaggo Losaline, yayar babansu. Baba ya tashi ya bar mata kujera. Mama ta shimfiɗa tabarmar da ba a fito da ita sai da dalili. Gwaggo ce. A al'adar tsibirin, abin da gwaggo ta nuna da yatsa a gidan ɗan'uwanta ya zama nata, ko kaza, ko tabarma, ko rigar da ke jikin yaro. Ba a musu.

Idon Gwaggo ya faɗa kan ƙofar da ke jingine da bango. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗaga yatsa.

"Fineasi, kai mini wannan gida."

Fineasi ya sa hannu zai ɗauka. Sinaite ta yi wuf ta fizge.

"Babu inda za shi. Ni na zana, ba ke ba. Kullum sai ki zo ki kwashi kayan mutane."

Baba ya sunkuyar da kai. Gwaggo ta gyara 'yar tabarmar da mutanen tsibirin ke ɗaurawa a ƙugu don girmamawa, ta fita. Ko doyar da aka kawo mata ba ta taɓa ba.

Baba bai dake ta ba. Ya kulle gwangwanayen fenti a rumfar kwalekwale. Ya ce babu hoton da zai bar gidan nan sai ta je ta ba gwaggonta haƙuri. Mama ta lallashe ta har ta gaji.

"Ai gaskiya na faɗa," in ji Sinaite. "Ba zan ba da haƙuri a kan abina ba."

Ranar Asabar ta ɗebi ƙananan hotunan a ɓoye, ta tafi kasuwa. Labari ya riga ta zuwa. Matan da ke sayar da rogo da ayaba suka kau da kai. Babu wadda ta matsa mata wuri a tebur. Ta jera hotunan a ƙasa kusa da matsayar jirgin ruwa, ta zauna, ta ɗaure fuska.

Mutane suka yi ta wucewa. Wani baƙo ya tsaya yana dubawa. Matarsa ta raɗa masa magana a kunne, suka yi gaba. Har kasuwa ta watse ko ɗaya ba a saya ba.

A hanyar komawa ruwa ya sauko. Ta fake a ɗakin Iya Sisilia. Ciki da waje duk ɗaya. Tsohuwar ta jera tukwane da kwanuka suna tarar ruwa, ita kuma ta raɓe a lungu ɗaya da bai jiƙe ba.

Sinaite ta kasa daurewa. Ta gaya mata komai, har dalilin da ya sa ta hana hoton. Ta zaci za a gode mata.

"Saboda ni kika kunyata babanki?" in ji Iya Sisilia. "In haka ne, bar ni da tukwanena, jikata."

"Amma, Iya, ba ta da buƙatarsa. Kwaɗayi ne kawai."

Tsohuwar ta tambaye ta ko ta san gidan wa ta zana. Ta ce gidan kakanninsu ne.

"A gidan nan aka haifi Losaline. A ciki ta yi jinyar mahaifiyarta har ta rasu. Da teku ta cinye shi, ko cokali ba ta fitar ba. Kin gaya mata abin da kike son yi da hoton?"

Sinaite ta girgiza kai.

"Kin gaya wa babanki?"

"A'a."

"To, ta yaya za su sani?"

Sinaite ta zauna tana kallon ruwa yana ɗiga cikin tukunya. Har yanzu tana ganin aikin da ta sa gaba daidai ne. Amma hannunta da bakinta, waɗannan ba ta da abin da za ta kare su da shi.

Ranar Litinin bayan makaranta ta ɗaura tabarma a ƙugu, kamar mai zuwa gaban manya. Ta nemi izinin Baba. Ita da Fineasi suka ɗauki ƙofar, shi a gaba, ita a baya.

"Riƙe da kyau, sarauniyar tsiwa," in ji shi. "Kada ki fizge ni ma."

A gidan Gwaggo ba ta shiga ba. Ta zauna a ƙasa a bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai. Gwaggo ta bar ta a nan na ɗan lokaci kafin ta fito.

"Gwaggo, na yi miki rashin kunya. Ki yafe mini. Ga hotonki."

Sannan ta faɗi zancen ɗakin Iya Sisilia, da kwanon da take son saya.

"Hoton nawa ne," in ji Gwaggo. "Ba na sayarwa ba ne."

"Na sani, Gwaggo. Zan zana wasu. Ko ba wanda ya saya, zan sake zanawa. Ba zan daina ba sai an rufa ɗakin nan."

Fineasi ya rufe ido, yana jiran abin da zai biyo baya. Gwaggo ta kalli yarinyar daga sama har ƙasa.

"Wannan taurin kan a wajena kika gado shi," in ji ta. "Tashi. Ki ce wa babanki na ce ya buɗe miki fenti."

Asabar ta gaba Gwaggo da kanta ta kafa tebur a tsakiyar kasuwa. Ta jingina ƙofar inda kowa zai gani. Wanda duk ya tambayi farashinta, sai ta ce ba ta sayarwa ba ce, amma ga mai zanen nan zaune.

Tsofaffi suka gane gidan. Wata mata da ta zo hutu daga birnin Auckland, can ƙasar waje, ta tsaya har idonta ya cika da hawaye. Ta tambaya ko Sinaite za ta iya zana gidan mahaifinta, wanda guguwa ta rushe. Sinaite ta ce za ta iya, in dai za a ba ta labarinsa. Wani ma ya ce yana so. Kafin rana ta yi tsaka, ƙananan hotunan sun ƙare, har dokin nan da Fineasi ya so a gasa.

Da aka sayi kwano, Gwaggo ta zaga gidajen 'yan'uwanta. Ta nuna ƙusoshin wannan da yatsa. Ta nuna tsanin wancan. A gidansu Sinaite kuwa, Fineasi ta nuna.

"Kai kuma, gobe kana kan rufi."

Babu wanda ya musa.

Ranar da aka yi babban ruwan farko bayan an rufa ɗakin, Sinaite ta ruga ɗakin Iya Sisilia. Ta tarar da ita a tsakiyar ɗaki tana dafa rogo, a tukunyar da a da take tarar ruwa.

Sinaite ba ta daina taurin kai ba, kuma ba ta daina zane ba. Amma ta koyi abu ɗaya. Niyya mai kyau ba ta wanke rashin kunya. In kana da aikin alheri a ranka, ka faɗa wa manyanka da ladabi. Waɗanda kake zaton za su hana ka, su ne sukan fi taimaka maka.