Ƙoƙon da Casimiro Ya Ƙi Sha

Tun safe Rufina ta kasa zama. Ta share tsakar gida sau uku, ta ƙona wainar masara, tana ta leƙen ƙofa har mamarta ta ce, "Ke, za ki huda ƙofar nan da ido!"

Yau saurayinta Casimiro zai zo neman aurenta, kuma a garinsu ba a ba saurayi yarinya sai ya shanye ƙoƙon giyar meskal daga hannun ubanta. Ga shi bara Casimiro ya yi tuƙi a buge, ya rushe katangar makaranta. Alƙali ya tura shi cibiyar masu daina shan giya na shekara guda, ana gwada shi duk Litinin a ga ko ya sha. Kurɓi ɗaya, sai gidan yari.

Ya iso yana gumi. Mahaifinta, Don Hilario, ya cika ƙoƙo ya miƙa masa.

"Baba, a yi mini afuwa, ba zan iya ba."

"Iye! Ka sha kwalba guda ka rungumi katanga, yau ƙoƙona ne ya fi ƙarfinka?"

"Baba, gobe fa za a gwada shi!" in ji Rufina, hawaye shar-shar.

"Rufe mini baki! Wanda ya raina ƙoƙona ya raina gidana!"

Ta bi Casimiro har bakin ƙofa. "Don Allah, ko leɓenka ka jiƙa — wa zai sani?"

"Rufina, na san kaina. In leɓena ya jiƙe, maƙogwaro ba ya yarda a bar shi a baya."

Lahadi ta zagayo, sai ga shi ya dawo. Ya zauna gaban ƙoƙon har rana ta take, ya yi godiya, ya tafi. Haka ta gaba, haka ta gabanta. Rufina duk ta rame, gishiri ma take zuba wa kofi a maimakon sukari.

Ran Lahadi ta tara Don Hilario ya buga tebur.

"Kai, jaki ma ya sallama maka! Ka cinye mini Lahadina kaf!"

Ya ɗauki ƙoƙon ya tuttular a ƙasa. "To, ƙasa ta sha maka. Wanda ya iya ce mini a'a sau tara, kwalba ba za ta kayar da shi ba. Na ba ka ita!"

Rufina ta zube tana kuka tana dariya.

'Yan mata, ku ji da kyau: saurayin da ya ƙi karya alkawarinsa ko don ya same ki, shi ne ba zai karya naki ba.