Ruwan Gafasa

"Wallahi Yaya Gwadabe in ka shiga langar nan ba ka ƙaunata!"

"Haba Laure... wace irin magana ce wannan?"

"Likita fa ya ce gwiwar nan in ta sake buguwa shi ke nan, sai sanda! Saura wata guda bikinmu, so kake a kawo ni gidan gurgu?"

Gwadabe ya sunkuyar da kai. Shi ne ruwan langar garinsu Gafasa, wato wanda 'yan wasa ke karewa har ya kai wurin sha da tsallen ƙafa ɗaya. Shekara da shekaru ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Kafin shi babansa Malam Kabo ne ruwa, kafin nan kakansa.

"Baba ya ce in yi wannan na ƙarshe, da 'yan Toranke, a filin Gaya. Tsoho ne Laure, so yake ya ga na ajiye wasan da mutunci. Ya zan ce masa a'a?"

"Ni kuma ka iya ce min ko?"

Lauratu ta shige gida tana kuka.

To ita 'yar Toranke ce, kuma wanta Muzammil shi ne ƙarfin 'yan garinsu, ƙato ne, in ya bangaje mutum da kafaɗa sai an ɗauke shi. Ta same shi yana sussukar gero ta durƙusa.

"Yaya, don girman Allah kar ka taɓa shi. Gwiwarsa ba lafiya, ɓoyewa yake."

"Ke! Kin san abin da kike roƙo kuwa?"

"Na sani Yaya... mijin ƙanwarka ne fa."

Ya dakata da sussukar, ya dube ta ya ce, "Tashi, Allah Ya shirye ki."

Ranar wasa filin ya cika maƙil, har kan Keke Napep mutane suka hau. Aka busa, Gwadabe ya kama ƙafa ya taso. Muzammil ya tare shi gaba da gaba, kowa ya yi tsit... sai kawai Muzammil ya kauce, ya je ya bangaje wani can daban. Abokansa da ya riga ya tsegunta musu, su ma suka dare. Gwadabe ya wuce salin-alin ya sha, ko rigarsa ba a taɓa ba.

Ai kuwa fili ya ɗauka!

"Kyautar surukai! Kyautar surukai!"

"A haɗa masa da lefe mana!"

Lauratu tana cikin mata, da farko har ta yi hamdala. Sai ta hango Malam Kabo ya miƙe, ya karkaɗe rigarsa, ya fice ko waiwaye babu.

Da la'asar Gwadabe ya zo ƙofar gidan su Lauratu. Bai zauna a tabarmar da ta shimfiɗa ba.

"Ke kika faɗa masa?"

"Tsoro na ji masoyina... wallahi tsoro na ji."

"Da Muzammil ya karya ni Laure, da a kafaɗa za a ɗauke ni ana kirari. Yanzu har wasannin da na ci da gumina cewa ake ko su ma roƙa aka yi. Baba ya kasa zuwa masallaci yau."

"Ka yafe min... don Allah!"

Hawaye ne suka zubo masa, ya juya don kar ta gani.

An ɗaura auren dai a ranar da aka sa, don Malam Kabo ya ce shi ba ya magana biyu. Amma da kaka ta zagayo, 'yan Gafasa suka ba wani gida ruwa, ba wanda ya ko tuntuɓi Gwadabe.

Ranar da za su fita wasa yana tsakar gida yana gyaran fartanya, suka wuce ta ƙofar gidan da kiɗa da ihu. Hannunsa ya tsaya cak. Lauratu ta zo ta durƙusa gefensa.

"Har yanzu kana jin haushina?"

"Na yafe tuntuni Laure."

Ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi mata ciwo ke nan. Ya tashi da ƙafafunsa lafiyayyu, ya je ya turo ƙyauren zaure don kar ya ji kiɗan.