Silifas ɗin Ƙafar Hagu

Ranar Alhamis ce, rana ta kusa faɗuwa, na rufe shagon ɗinkina na nufi tsohon gidanmu don in kunna fitilu. Aikina ke nan kullum tun da dillali ya kawo dabararsa. Washegari da safe wasu mata da miji za su zo ganin gidan karo na biyu, kuma a wata goma sha huɗu da muka kafa allon sayarwa, ba a taɓa samun wanda ya zo ya sake dawowa ba sai su.

Ban ga laifin mutane ba. Kasuwa ta kwanta. Sababbin gidaje fil ma suna nan jere ba mai tayawa, balle namu da marigayi Baba ya gina tun kafin a haife ni. Tayil ɗin banɗaki kore shar, tagogi ƙanana, fankar silin tana kuka kamar tsohuwar akuya, kicin kuwa mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya manne da bango. Masu saye su shigo, su ɗaga kai, su taɓe baki, su ce za su kira. Har fentin allon ya koɗe ba wanda ya kira.

Ni kuma ba don marmari nake neman rabuwa da shi ba. Tun da ɓarin jikin Mama na hagu ya shanye na ɗauko ta zuwa wurina, hawa na uku, domin keken marasa lafiya ba ya shiga ƙofofin tsohon gidan, banɗakinsa ma sai an taka matakala huɗu. Fiye da shekara guda ke nan matar da ba ta iya zama wuri ɗaya tana kallon duniya ta taga. Na samu wani gidan ƙasa kusa da asibiti, mai ɗan tsakar gida da rana ke faɗawa da hantsi, kuma mai shi ya ce zai jira ni zuwa ƙarshen wata, ba zai ƙara ko kwana ɗaya ba. In tsohon gida bai sayu ba, Mama za ta ƙare rayuwarta a saman bene.

Dillalin, wani mai zaƙin baki da ba ya rabuwa da tsinken sakace, shi ya ce matsalarmu ba tayil ba ce. Wai gidan da ba kowa warin kango yake yi, mai saye na shiga gabansa ke faɗuwa. In shirya shi kamar mai gidan ta ɗan leƙa maƙwabta yanzu za ta dawo, in riƙa barin fitila a kunne da yamma saboda masu wucewa.

A ina zan samo kayan ado? Na buɗe akwatunan Mama. Na kai zanen gadonta na shimfiɗa, na ɗora kofinta mai ɓantararren baki a kan tebur, na rataya zanenta mai ruwan ƙasa a bayan kujerar da take zama. Da na sunkuya ƙarƙashin gadonta zan ɗauki silifas ɗinta shuɗi, sai ta damƙe mini hannu da hannunta mai lafiya. Ta yi ta ƙoƙarin magana, harshen ya ƙi. Ina sauri, sai na ce mata ai ba saka su take yi ba. Har yau in na tuna wannan magana kunya ke kama ni.

Dabara kuwa ta ci. Mutane suka fara daɗewa a ciki. Matar nan da za su dawo har zama ta yi a falo, ta ce wa mijinta gidan tsoho ne amma akwai ɗumi, kamar wata mai kirki ce ke zaune a cikinsa.

Sai na fara ganin abubuwa. In ajiye kofi a dama, in tarar da shi a hagu, da ɗan danshi a ciki. In bar silifas suna kallon gado, in same su suna kallon ƙofa. Wata safiya na ga sawun tsintsiya a baranda, layi-layi, irin sharar Mama da ke farawa daga lungu. Na tuhumi dillali, ya rantse har da dafa ƙirji, ya ce shi ko ɗakinsa ba ya sharewa.

A daidai kwanakin nan Mama ta tsiri wani barci. Da magariba ta yi sai ta sulale, ba ta motsi sai can, ta farka a gajiye kamar wadda ta yi wankin gida guda. Yaya, wadda ke zama da ita in na fita, ta ce mini ta ga ƙura a tafin ƙafarta, ta tambaye ni ina Mama ke samun ƙura a hawa na uku. Na ce mata ta daina barin taga a buɗe. Gaskiya ita ce na gane, na ƙi ganewa. Na ce wa kaina zuwa Juma'a ne kawai.

To, ranar Alhamis ɗin nan na isa layin ba kowa, sai wani kare da ya hango ƙofarmu ya sauya hanya. Kwaɗon yana nan yadda na bar shi. Na buɗe, na tura ƙofa.

Fitilar baranda a kunne take.

Na tsaya. Da safe da hannuna na kashe ta. Iskar gidan ba ta kango ba ce, ƙamshin man zafin da Mama ke shafawa a gwiwa ne, da tururin ruwan da ya tafasa. Daga can ciki ina jin tsintsiya, shar, shar, shar. Sai ta yi shiru.

Sai takun silifas. Tas, tas. Tas, tas. Ƙafa biyu, daidai wa daida, ba mai jan ƙasa.

"Auta, ke ce?"

Muryar Mama ce. Ba ta yanzu mai nauyi ba, ta da, wadda ke kirana daga kicin in na makara. Shekara guda rabon da in ji sunan nan ya fita tar daga bakinta. Wallahi hawaye ne suka fara zubo mini kafin tsoro ya zo.

Wayata ta yi motsi a jaka. Na ɗaga. Yaya ce, tana magana ƙasa-ƙasa, wai Mama ta ƙi farkawa, ta yayyafa mata ruwa ko gezau, ƙafafunta sun yi sanyi, numfashin sama-sama. Ta ce in zo yanzu. Na ce mata ta riƙe hannun Mama kada ta saki, na kashe.

A ƙarshen baranda, bakin kicin, wata na tsaye ta ba ni baya. Ta ɗaura zanen mai ruwan ƙasa.

Ni na kalmashe bakin zanen nan da keken ɗinkina. Na san awon Mama kamar yadda na san sunana. A jikinta zanen yana sauka har idon sawu. A jikin wannan, da ƙyar ya rufe gwiwa. Dugaduganta sun zarce silifas ɗin da kusan taƙi guda, kanta kuma yana gogar saman ƙofa.

Na so in yi addu'a, amma ta riga ni magana.

"Kin ga na share miki," ta ce, ba ta juyo ba. "Gobe za su saya. Ni ke zaunar da su."

Ta ƙara da cewa:

"Bar ni a nan, Auta. Ga ni ina tafiya da ƙafata. Ba abin da kike so ke nan ba?"

Shi nake so. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan, don na ɗan tsaya ina tunani. Kwana ɗaya tak ya rage. Na hango tsakar gidan nan mai rana. Sai na tuna ƙafafun da suka yi sanyi a hawa na uku, na tambayi kaina wa zan zaunar ya sha hantsin in Mama ta tafi. Dole in kwashe kayanta daga gidan nan.

Na shiga ɗaki a hankali kamar mai gyara. Na yaye zanen gadon, na fito falo, na jefa kofin a ciki na ƙulle. Bayana ina jin takun yana matsowa. Tas, tas. Saura zanen da ke jikinta, da abin da ke ƙafarta.

Mama tana da wata ɗabi'a. In ta gama aiki sai ta zauna a kujerarta, ta zare ƙafa daga silifas, in matsa mata. Duk abin da Mama ke yi wannan ma tana yi. Sai na gwada ta da wannan.

"Mama, kin gaji," na ce, muryata kamar ba tawa ba. "Zauna in matsa miki ƙafa."

Fanka ta daina kuka, alhali tana juyawa.

Kujera ta yi ƙara. Ta zauna.

Na durƙusa a gabanta, idona a ƙasa. Ban ɗaga kai ba, kuma har gobe ina gode wa Allah da ban ɗaga ba. Ƙamshin man zafin ya gushe. Wani wari ya maye gurbinsa, irin na rijiyar da aka daɗe da rufewa.

Ƙafar dama ta zame daga silifas. Na taɓa ta. Sanyi kamar ƙarfen famfo da asuba, kuma yatsun sun yi tsawo, suna motsi ɗaya bayan ɗaya.

Na ja silifas ɗin dama na tura cikin ƙunshin.

Na kai hannu ga na hagu. Yatsun suka naɗe a kansa.

"Wannan nawa ne," ta ce a saitin kunnena. Muryar ba ta Mama ba ce kuma. "Ita ba ta amfani da shi. Ke kika faɗa."

Sunan Allah ya kuɓuce daga bakina da ƙarfi. Na cafki bakin zanen na fizga.

Ya taho ba nauyi. Kujerar ba kowa.

Amma silifas ɗin hagu yana nan a ƙasa, ya lotsa a tsakiya kamar an taka shi. Na ja da hannu biyu. Kamar an kafe shi da ƙusa.

Fitila ta ɗauke.

Wani numfashi mai sanyi ya sauka a ƙeyata.

Na rungumi ƙunshin na zura da gudu. Na bugi bango, na bugi tebur. Bayana taku ɗaya ne yanzu. Tas. Shiru. Tas. Shiru. Yana kusantowa.

Wani abu ya kama gefen mayafina. Na bar masa shi.

Na faɗa waje da gwiwa, na ja ƙofa, na danna kwaɗo. Daga ciki aka tsaya daf da ƙofar. Ba a buga ba. An dai tsaya.

Ina nan zube a bakin titi Yaya ta sake kira, tana kuka tana dariya, wai Mama ta buɗe ido ta nemi ruwa. Da na isa gida na zube kayan a gabanta. Ta duba kofi, ta duba zane, ta ɗauki silifas ɗin guda ɗaya ta juya shi. Sannan ta dube ni. Ba ta yi ƙoƙarin cewa komai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da safe na koma tare da dillali, na sa shi gaba. Mayafina yana ninke a kan kujera. Silifas ɗin kuwa mun duba ko'ina babu shi. Mata da mijin suka zo, matar ta rungume hannuwa ta ce yau gidan ya yi mata wani iri, amma mijin ya riga ya ƙwallafa rai a kan filin. Ya karya farashi son ransa, na amince kafin ya rufe baki. Ban gaya musu komai ba. Wannan ma yana cikin abubuwan da nake kwana da su.

Yanzu Mama tana gidan ƙasa. Kullum da hantsi nakan tura kekenta tsakar gida, ta lumshe ido rana na dukan fuskarta, har ta fara kama sunayenmu ɗaya-ɗaya. Abin da na nema na samu.

Bayan wata biyu matar ta kira ni, ta ce suna ta gyara da fenti, amma tana so ta san ko bututun ruwan gidan na yin ƙara, don da magariba sukan ji wani abu a baranda kamar mai tafiya da takalmi ɗaya. Na ce mata tsohon gida ne, sai haƙuri.

Likita ya ce ƙafar Mama ta hagu ba za ta sake motsi ba. Bai taɓa zuwa gidanmu da magariba ba. Da rana ta faɗi sai ƙafar ta ɗaga, ta sauka, ta ɗaga, ta sauka, Mama na kallonta kamar ƙafar wani. Nakan durƙusa in riƙe ta da hannu biyu har ta lafa.

Jiya da ta lafa na juya tafin don in goge mata. Akwai ɗanyen farin fenti a dugadugin, ya shafe mini yatsa.