Zangarniyar da Jika Ya Bari

Rufaida tana tankaɗe a tsakar gida, amma jikinta ne kawai a Sabon Gida. Hankalinta yana can Allakaye wurin Walid, mushen lakwal, wato malamin makarantar da ya fito neman aurenta. Har ta ga kanta cikin lalle, ta ga ɗakinta da shuɗin labule, iskar kan dutse tana kaɗa shi a hankali. Kaji kuwa sun samu gari, sai biki suke yi.

—Ke! Kaji za ki tuƙa ma tuwo? in ji Gwaggo Dela, yayar babanta.

Ba ta kai ga amsawa ba mahaifinta Malam Lawali ya shigo, fuska a ɗaure.

—Dela, zancen yaron ga ya mutu. Na ji labarin ubanai a kasuwar Bangi. Wai marigayi Jika in ya yi girbi, baro zangarniya yakan yi warwatse cikin gona. Ɗan malalaci ba shi riƙe mini ɗiya!

—Baba, wallahi Walid seriye na, ba malalaci ba...

—Rufe mini baki!

Ta rufe. Ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura, don tana son Walid, so na gaske. Amma ba ta ɗaga wa mahaifinta murya ba, ta bar wa Allah.

Gwaggo Dela kuwa ba a yi mata yankan hanzari. Ta ce ba a kashe aure da zancen kasuwa, sai an yi bincike yadda aka gada. Ta hau mota ta nufi Allakaye, ta sauka wurin mata masu sussuka, ta sako sunan Jika kamar ba da nufi ba.

Wata tsohuwa mai suna Lalla ta jingine taɓarya.

—Jika? Allah shi kai haske kabarinai! Shekarar da maigidana yar rasu, ko tiya guda ta hatsi babu a rumbuna, ga marayu. Ni ko ban iya roƙo ba, kuma ya san haka. Sai shi tsallake manyan zangarku da gangan, mu biyo baya mu yi kala da mutuncinmu. Gari na yi mai dariya, bai taɓa buɗe baki ba. Ɗiyana da kalan gonatai sunka girma.

—Ɗan nai ma bara haka yay yi, in ji wata, tana share ido da bakin zane.

Da Dela ta dawo ta zayyana masa kome, Malam Lawali ya daɗe yana kallon rumbunansa cike maƙil.

—Dela, ni fa in na mutu, mi za a ce?

—Za a ce gonarka ko tsuntsu bai taɓa samun kalaci ba.

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa:

—A aika musu su kawo goro.

Rufaida tana bayan ƙofa, hawaye na zuba, tana murmushi.

Haka alheri yake, ƴan uwa: mai shi zai kwanta dama, shi kuwa ya tashi yana yi wa ƴaƴansa aiki. Jika bai bar wa Walid shanu ba, amma daga cikin kabari ya biya masa neman aure.