Yaya Jikin, Inna?

Duba-Jiki tana tsaye a ƙofa ta shida a tashar jiragen sama ta Birnin Tsauni, tana haska fasinjoji ɗaya bayan ɗaya da koren haske. Na'ura ce doguwa, ba hannu ba ƙafa, sai allo da murya irin ta mace. Ita ke buɗe ƙofar jirgi. Ita ce kuma ke ba kujerun marasa lafiya umarni, waɗannan masu tuƙa kansu. Sa'adu, ma'aikacin ƙofar, aikinsa kawai ya tsaya kusa da ita yana yi wa mutane murmushi, don tun bara aka karɓe makullai daga hannun 'yan Adam.

Masu jirgin sun gaji da lafiyayyun da ke ƙaryar ciwo don su samu gado a ciki. Shi ya sa aka ce sai mara lafiya ya faɗa wa na'urar halinsa da bakinsa. A satin nan ne aka saka mata Hausa, aka koya mata ta yi tambayar cikin ladabi, yadda ake yi a gida.

Kujera ta gangaro da Inna Tasalla, robar iska a hancinta, ɗanta Mati na biye da jaka. Gobe da safe za a yi mata aikin zuciya a wata ƙasa. Wata bakwai suna jiran layi ya zo kansu.

"Sannu Inna," in ji na'urar. "Yaya jikin?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Alhamdu lillahi."

Hasken ya koma ja. "Fasinja ta samu sauƙi. An janye gado. An janye kujera."

Kujerar ta rusuna a hankali, ta zame tsohuwar a kan tayil, ta juya da tulun iskar ta yi tafiyarta. Layi ya ɗauki salati. Wata mata ta ɗora hannu a ka.

"Uwata ce fa!" Mati ya yi kan Sa'adu. "Uwata kuka zubar a ƙasa?"

Sa'adu ya cire rigar aikinsa ya sa mata a ƙarƙashin kai. "Yallaɓai, ka yi haƙuri. Za ta sake tambaya sau ɗaya. In ta ce babu sauƙi, kujerar za ta dawo."

Mati ya durƙusa. "Inna, don Allah, ki ce babu sauƙi. Faɗa ce kawai."

Ta dube shi, numfashinta na fita da ƙyar. "Mati, shekara saba'in ban taɓa kai ƙarar Ubangijina wurin mutum ba. Sai wurin ƙarfe?"

"Sannu Inna. Yaya jikin?"

Inna ta ɗago kai.

"Da... sauƙi."

Ƙofa ta rufe. Sa'adu ya yi ta danna jan maɓallin neman agaji, allon ya rubuta cewa mutum zai amsa bayan la'asar. Ta cikin gilashi suka ga jirgin ya ɗaga, ko ƙara babu.

"Allah ya ƙara sauƙi," in ji na'urar.

Sai Sa'adu ya ji bakinsa ya ce amin. Duk layin ma haka, har da Mati, da hawaye a gemunsa.

Hasken ya dawo kore, ya sauka kan fasinjan jirgi na gaba, wani dattijo da kujera ta kawo, rabin jikinsa a shanye.

"Sannu Baba. Yaya jikin?"

Dattijon ya yi murmushi da gefen bakin da ke motsi. Sa'adu ya zabura da gudu ya nufe shi, saboda ya san abin da dattijon zai ce.