Gadon da Ba a Kwancewa

"Rumaisa'u, ina notocin?"

Nazifi ne ya tambaya, yana tsaye bayan kujerata a ofishin shagon kafinta na Baba, nan Dogon Dutsi. Idonsa na kan kwamfuta, inda zanen gadon aurenmu yake juyawa a hankali.

"Na cire su," na ce.

Wata uku da suka wuce tare muka zauna na zana gadon nan. Sassa shida, kowanne a ɗaure da noti, don a kwance shi a ɗora saman mota zuwa Agadas, inda aka tura Nazifi aikin jinya. Ran nan har tsokanata ya yi, wai amarya ta fi ango zumuɗin tafiya.

Sai ɓarin jikin Baba ya shanye. Ba shi da kowa sai ni. Kafintocinsa huɗu kuwa ba sa yanka ko falle ɗaya sai na fitar musu da awo daga na'ura.

"To mi za ya riƙe shi?" in ji Nazifi.

Na matso da kusurwar gadon ta cika allon, na ja ƙafar, na daidaita ta da katakon gefe. Harshen katakon ya zauna daram cikin raminsa.

"Haɗin Baba ne. Harshe da rami, a bi da gam."

"Wanga ai ba a kwance shi..."

"Ba a kwancewa."

"Ko ƙofar ɗakinku ba za ya fita ba!"

"Cikin ɗakin za a haɗa shi."

Ya ƙura wa allon ido. Nazifi ba wawa ba ne, zaman da ya yi kusa da ni ya koya masa karanta zane. Abin da bakina ya kasa faɗa sati biyu, ga shi nan ɓaro-ɓaro a gabansa.

"Hasken idona, dube ni mana! Mu tahi da Baba."

"Mutumin da ko Doso likita ya ce kada a kai shi a mota?"

"To shekara guda. Ki jira ni shekara guda, in nemi a maido ni."

"Haka Hamza, mijin yayarka, ya ce mata. Bana shekararsa bakwai bai dawo ba."

"Haba Rumaisa'u!"

"Kai ma ƙannenka biyar aikin nan suke kallo. Ban ce ka bari ba."

Wallahi na so in yi kuka, ko don ya san ina sonsa. Na laluba, babu. Zuciyata ta yi dum kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ƙarar zarto kawai nake ji daga waje.

Ya durƙusa gefen kujerar, hawaye sharkaf, ya kira sunana sau biyu.

"Allah ya kiyaye hanya, Yaya Nazifi," na ce.

Na ji tashin babur ɗinsa, na ji har ya hau kwalta.

Ma'azu, babban kafintanmu, ya leƙo yana kakkaɓe garin katako daga gemunsa.

"Ɗiyata, katakon gadon ya iso. Mu fara yanka?"

"Ba ni minti guda, Baba Ma'azu."

Na koma kan zanen, na shiga wurin faɗin gadon, na goge ɗari da tamanin, na rubuta casa'in. Sauran sassan suka matso da kansu, kowanne ya koma mazauninsa, ba gardama.

Na buga takardar na miƙa masa. Ya duba, ya sake dubawa.

"Wanga ai na mutum guda ne."

"I," na ce. "Ku yanka."