Hannun da Ya Buga Ƙusa

"Baba Jimrau, ka sake ta! Ka san ta warke!"

Tsohon bokan bai ko ɗago kai ba. "Na sani, Kalla. Amma hannun da ya buga ƙusar turu shi ke zare ta. Ubanta ya buga."

"Ubanta yana kabari!"

"To je ka tashe shi."

Rana tsaka ce, ko tsuntsu ba ya motsi. Hanatu tana zaune ƙarƙashin tsamiyar bayan gidan bokan, ƙafarta cikin gungumen icen da ake ɗaure mahaukata. Zazzaɓi ne ya sa ta sambatu bara, ubanta ya tsorata ya kawo ta nan, ya bi ayarin gishiri, mutuwa ta tsare shi a hanya. Danginta kowa ya janye, don an ce mai zare ƙusar mamaci hannunsa bushewa yake.

Na durƙusa gabanta. "Hanatuna..."

"Kar ka taɓa, masoyina," ta ce a hankali. "War haka Babana ke zuwa duba ƙusar. Ba ka ji sanyi ba?"

Wallahi na ji.

Da na gaya wa Inna niyyata, kuka ta fashe da shi. "Kai kaɗai gare ni! Wa zai yi mini noma in hannunka ya mutu?"

"Inna, ita wa gare ta?"

Ta juya mini baya, amma ba ta hana ni ba.

Na taka har Kornaka, na faɗi gaban mai gari Mamani. "Ranka ya daɗe, mace in ta yi aure, nauyin ubanta kan wa yake komawa?"

"Kan miji."

"Har da ƙusarsa?"

Ya ce har da ita. Sannan ya ce daga yau duk tsayuwar wata liman da dattawa za su je gaban duk wanda ke cikin turu, su ji daga bakinsa.

A gindin tsamiyar aka ɗaura mana aure, amarya tana cikin turu. Ana shafa fatiha na kama ƙusar. Wasu yatsu masu sanyi suka rufe nawa... na ja!

Hanatu ta miƙe, ta faɗo jikina tana kuka.

Har yau hannuna na dama ba ya jin zafin wuta. Da hagu nake yi wa Inna noma. In rana ta take, Hanatu takan riƙe hannun cikin nata, mu yi shiru, har Babanta ya wuce.